Tsinke Biyu

Albashin fari ya shigo wa Kulu ranar Laraba.
Ta ce, Baba, sa babbar riga,
yau ba da kai aka auna tuwo ba.
Na ce, ina muka nufa?
Ta ce, Gawon Nama,
inda 'yan Sin suka buɗe gidan abinci sati uku ke nan.

Keke ya sauke mu bayan isha'i,
kwalta ba ta gama amayar da zafin yini ba.
Jajayen fitilu biyu na lilo a bakin ƙofa
kamar ƙoren da aka rina aka rataye.
Muna shiga sanyi ya mare ni,
na tuna ofishin da na yi wata bakwai ina zarya
kan kuɗin sallamata.

Takardar abinci, rabinta sawun kaji a jiƙaƙƙiyar ƙasa.
Shekara talatin da biyar ina koyar da karatu a Mabera,
yau 'yar da na fara riƙe wa alli
ke bin layi da yatsa tana karanta mini.
Na saci kallon gefen da kuɗi suke,
ta ɗora tafinta a kai.

Miya ta fara zuwa, ita kaɗai, ba ɗan rakiya.
Na zauna jiran abin da za a tsoma.
Kulu ta ce, sha ake yi.
To.
Sai taliya, doguwa kamar zancen dillali,
shinkafa da ƙwai a warwatse,
kaza da aka yi wa wanka da zaƙi da tsami,
yaji na biye da ita a hankali
irin na mai bin bashi da ke jin nauyinka.

Sannan tsinke biyu.
Na kama, suka haɗa kai suka ƙi ni.
Na ɗago yanka guda har kusa da gemu,
ya kuɓuce, ya koma cikin 'yan'uwansa.
Wani yaro a teburin gaba ya toshe baki.
Kulu ta zagayo ta bayana, ta gyara mini yatsu:
wannan ya kwanta, wannan shi ke tafiya,
kada ka matse, Baba, ba gudu zai yi ba.
Maganata ce, ta ranar fensirinta na fari,
ta ajiye shekara ashirin ta maido mini.

Na ce a kira mai girki, ina da tambaya kan yanka.
Ina jiran baƙo,
sai ga zanƙalelen saurayi da farar hula, ya durƙusa.
"Malam, ni na, Modi, aji huɗu, bencin baya.
Ni niy yanka ta da sahe, ci ba shakka."
Shekara shida yana dafa wa masu gina titi,
a can ya koyi juya kasko a kan harshen wuta.
Albasar ta Gwadabawa ce, in ji shi,
shinkafar kuwa daga Wurno.
Mai wurin, 'yar tsohuwa da tabarau, ta leƙo ta labule,
ta yi mini sannu da zuwa, muryar na hawa inda ake sauka.
Na amsa mata da kyau.
Ni ma haka nake riƙe tsinkenta.

Da lissafi ya zo na juya ina kallon kifayen cikin gilashi,
suna buɗe baki ba sa cewa komai.
Na yi koyi da su.

Inno, da gwiwa ta hana fita,
ta ci tsarabarta da hannu a kan tabarma,
ta suɗe yatsu, ta ce, da daɗi,
amma an yi rowar daddawa.

Tsinkayen suna cikin aljihun rigar, ban faɗa wa kowa ba.
Bayan asuba, kafin gida ya motsa,
nakan zuba gyaɗa a faranti.
Jiya na ɗauki bakwai kafin ɗaya ta faɗi.
Albashi na biyu saura kwana tara.